Hannu baka hannu ƙwarya: ta ina zan fara tsara kuɗin gida in fita daga bashi?

Uban Biyar ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki kuma Allah Ya ba su mafita. Ni malamin sakandare ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, sannan ni da yayana muke ɗauke da nauyin mahaifiyarmu a ƙauye. Abin da yake shigowa asusuna bayan an cire haraji da fansho da bashin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata shi ne naira 185,000, kuma ina samun kimanin naira 30,000 a wata daga darasin yamma da nake yi wa yaran wasu gidaje. A ido kuɗin ba laifi, amma kafin goma ga wata babu abin da yake saura a hannuna, domin ranar da albashi ya shigo ranar nake rarraba shi ga masu bina, daga nan kuma in koma karɓar kaya bashi har watan ya mutu.

Ga yadda bashin yake. Mai kantin unguwarmu yana bina naira 62,000 na kayan abinci. Makarantar da uku daga cikin yaran suke yi tana bina cikon naira 70,000, kuma kuɗin kowane yaro naira 28,000 ne a zango. Wani abokina ya ranta mini naira 100,000 na cika kuɗin haya bara, bai taɓa tambaya ba, kuma shirun nasa ya fi damuna a kan a ce yana tambaya. Ƙungiyar gama kai tana cire naira 25,000 duk wata, saura wata takwas a gama. Wanda yake hana ni barci shi ne rancen naira 45,000 da na karɓa ta wata manhajar waya lokacin da ƙaramar 'yata ta kwanta a asibiti, wanda ake biyan 58,500 bayan kwana talatin, ni kuwa kuɗin ruwan kawai nake iya biya a ɗaga mini wa'adi. Hayar gidan da muke ciki naira 360,000 ce a shekara, kuma saura wata biyar ta cika.

Na karanta wani tsari da ake cewa a kashe rabin kuɗi a kan buƙatu, kashi 30 a kan sha'awa, kashi 20 kuma a ajiye, amma da na gwada shi a takarda sai na ga abinci kaɗai ya cinye fiye da rabin. Shin kasafi yana da wani amfani ga mutumin da kuɗinsa bai isa ba tun asali? Idan yana da amfani, da me zan fara, kuma wane bashi ya kamata in fara saukewa?

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yarinya lafiya mai ɗorewa. Wancan tsari da ka karanta a Amurka aka ƙirƙiro shi, inda abinci ba shi ne babban abin da yake cin kuɗin gida ba, saboda haka kada ka zargi kanka don bai yi maka ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan kashe kuɗin gidaje na 2019 ya nuna cewa fiye da rabin abin da 'yan Najeriya suke kashewa a abinci yake tafiya, kuma wannan tun kafin tsadar da ta biyo baya ke nan.

A ganina matsalarka ta farko ita ce kana lissafin wata, alhali manyan hidimominka na shekara ne. Haya ba ta zuwa ba zato ba tsammani, ranarta a rubuce take. Kuɗin makaranta sau uku yake zuwa, a wajajen Satumba da Janairu da Afrilu. Azumi da salla ƙarama da babba kowa ya san lokacinsu tun shekara ba ta kama ba. Amma da yake ba a biyansu duk wata, sai mutum ya riƙa ganin kamar albashin gaba ɗaya na cefane ne, idan ranar ta zo kuma sai a shiga neman rance, a kira shi larura.

Bari mu yi lissafin da alƙalumanka. Haya 360,000 idan aka raba gida goma sha biyu ta kama 30,000 a wata. Yara uku a kan 28,000 sun kama 84,000 a zango, 252,000 a shekara, wato 21,000 a wata. Ba ka faɗi abin da kake kashewa a azumi da ɗinkin salla ba, amma mu ƙaddara 180,000 ne, wato 15,000 a wata. Jimilla 66,000 ke nan da ba naka ba ne tun ranar da albashi ya shigo. Idan ka cire su daga 215,000, abin da gidanka yake da shi na ci da sha da mota da wuta da magani da hidimar Hajiya da biyan bashi shi ne 149,000. A kan wannan adadin za ka gina kasafinka, kuma na san ba zai yi daɗin gani ba. Shekara da shekaru kana rayuwa a kan 215,000, gibin kuwa shi ne yake taruwa ya zama bashin da ka lissafa, wanda na haɗa na samu 490,500.

Waɗannan 66,000 kada su kwana a asusun da katinsa yake aljihunka. Ka buɗe wani asusu dabam da ba ka karɓi katinsa ba kuma ba ka sa manhajarsa a waya ba. Idan kana gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, ko kuma ka sa a ɓangaren ajiya na ƙungiyar gama kai idan dokokinsu sun ba da damar cirewa lokacin da kake buƙata. A watannin farko ba za ka iya ware duka ba saboda bashi, amma ka fara da na haya, ko da sauran za su jira.

Game da jerin biya, na manhaja shi ne na farko, babu jayayya. Naira 13,500 a kan 45,000 kashi 30 cikin 100 ne a wata guda. Idan ka shekara kana ɗaga wa'adi za ka ba su 162,000, kusan rabin kuɗin hayarka, kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Ka duba gidanka, idan akwai abin da za a iya sayarwa ba tare da an tagayyara ba, kamar tsohuwar waya ko janareta da ba a iya zuba masa mai, ka sayar ka rufe shi a wannan watan, sannan ka goge manhajar. Kada ka karɓi rance a wata manhajar don biyan wannan, domin ta nan mutane suke kaiwa manhaja biyar ko shida. Idan suka fara tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, ka adana saƙonnin ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, domin ita take yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista kuma ta sha ɗaukar mataki a kansu.

Bayan shi sai makaranta, saboda kada a koro yara ana tsaka da karatu, sai abokinka, sai mai kanti. Na ƙungiyar gama kai shi yake biyan kansa, abin da nake roƙonka kawai shi ne kada ka sabunta shi. Sau da yawa idan bashi ya kusa ƙarewa za a yi maka tayin ƙari, ko a kawo shinkafa da babur a ce a riƙa cirewa a hankali. Na ga takardun albashin mutanen da abin da yake isa hannunsu bai kai rabi ba, alhali dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta taƙaita abin da ake cirewa daga ladan ma'aikaci a wata guda zuwa kashi ɗaya bisa uku.

Abu na ƙarshe, ka sayi littafi mai ƙaramin kuɗi ka rubuta duk abin da ya fita na tsawon wata guda, har da kuɗin data, da ladan mai POS, da naira hamsin ɗin da ake cirewa idan an tura dubu goma zuwa sama. Ba a iya yanke abin da ba a gani ba.

Uwargida daga Zariya ta rubuta:

Na gaishe ku. Lissafin Baba Akanta ya yi kyau ƙwarai, sai dai na lura daga mai tambaya har mai amsa babu wanda ya ambaci matar gidan, alhali kaso mafi tsoka na waccan 149,000 ta hannunta zai bi. Malam, shin maiɗakinka ta san nawa ne albashinka, kuma ta san ana binka kusan rabin miliyan? Maza da yawa suna ɓoye wannan don gudun raini, amma macen da ba ta san gaskiyar aljihun mijinta ba tana iya ɗaukar tsuke bakin aljihu a matsayin rowa, ko ta yi zaton ana tara kuɗin ƙarin aure ne. Daga nan sai kowa ya riƙa ja ta nasa ɓangaren. Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka buɗe mata takardar gaba ɗaya. Za ka yi mamakin abin da ta sani game da inda kuɗi yake zurarewa wanda kai ba za ka taɓa gani ba daga wurin aiki.

A ɓangaren abinci, shawarata ita ce kada ku rubuta kasafin da naira kawai, ku rubuta shi da awo. Farashi yana canzawa mako-mako, amma cikin iyali ba ya canzawa. Ku gano tiya nawa ta masara gidan yake ci a wata, mudu nawa na wake, kwalba nawa ta manja da man gyaɗa, sinƙi nawa na dunƙulen magi, sabulu da omo nawa. Idan kun san wannan, ranar da shinkafa ta yi tsada kun san yawan da za ku rage ku mayar da shi tuwo ko dambu ko ɗanwake, ba tare da an kwana da yunwa ba. A gidanmu ranar da aka yi awo nake auna na kowane mako in zuba a roba dabam, buhun kuma a ɗaure shi a ɗaki. Idan buhu yana buɗe a madafa, hannu yana yin nauyi a farkon wata, kuma ba mai iya cewa ga ranar da ya ƙare.

Abin da yake cinye kuɗin talaka ba tare da ya sani ba shi ne sayen ƙulle-ƙulle. Man ɗari biyu da safe, sukarin ɗari, omon ɗari da hamsin, a aiki yaro sau huɗu a yini. Idan kuka tara na wata kuka kwatanta da farashin kwalba ko mudu za ku ga bambancin da idonku. Haka kuɗin cefane: bayar da shi kullum yana sa a saye komai a tsadarsa a bakin layi, amma idan na mako ne a dunƙule, ana iya zuwa kasuwa sau ɗaya a yi ciniki. Kayan miya kuma suna da lokacinsu. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha a lokacin sanyi zuwa farkon bazara idan na noman rani ya fito, suna kuma tashi idan damina ta kama. Wadda ta yanka ta shanya kauɗa a lokacin araha, ta tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ba za ta ji zafin watan Yuni kamar maƙwabciyarta ba. Idan za a ajiye wake, a sa shi a jarka mai murfi da iska ba ta shiga ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, ƙwari ba sa rayuwa a ciki kuma ba sai an zuba magani ba.

Akwai wani layi da Baba Akanta bai sa ba, kuma idan ba a sa shi ba kasafin zai rushe a wata na biyu, shi ne zumunci. Biki da suna da gaisuwar mutuwa da dubiya ba sa ƙarewa, kuma ba za ku daina zuwa ba don kuna bin takarda. Ku ware masa wani abu, ko dubu biyar ne, idan ya ƙare kuma a je da ƙafa da fatan alheri. Mu mata mun san inda namu laifin yake, wato anko. A shekarar da ake fama da bashi babu abin kunya a ce an je biki da kayan da ake da su, kuma idan uwargida ta faɗa da bakinta sau ɗaya a cikin dangi, za ta tarar akwai mutum uku da suke jiran wanda zai fara faɗa.

Ɗan Ƙwadago ya rubuta:

Ina ganin girman duk wanda ya yi magana, amma kada mu mayar da laifin kan Malam da iyalinsa kamar almubazzaranci ne ya kai su nan. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Hukumar Ƙididdiga da kanta ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kowa ya san abin da aka ƙara wa ma'aikaci mai matsakaicin mataki bai bi sawun kasuwa ba. Mutum bakwai a gida, ga uwa a ƙauye, a kan 149,000: idan aka raba bai kai naira ɗari bakwai ga kowane kai a yini ba, kafin a yi maganar bashi. Littafi ba zai haifar da kuɗin da babu ba. Ni shawarata ita ce Malam ya ƙara gidajen darasi, ko ya nemi aikin duba takardun jarrabawar WAEC da NECO idan lokacinsu ya zo, ko ya yi noma a ƙauye tare da yayansa ko da na masarar ci ne.

Mai Kanti ya rubuta:

Malam, ni ɗan kasuwa ne, irin wanda kake cewa yana binka 62,000, kuma ina so in yi wa Yallabai Akanta gyara a inda ya sa mu a ƙarshen layi. Na fahimci dalilinsa, wato ba ma ɗora kuɗin ruwa. Amma a duba ta ɓangarenmu. Ina saro katan ɗin taliya a kasuwar Singa, in bayar bashi, a biya ni bayan wata uku, in koma kasuwa in tarar kuɗin ba ya sayen katan ɗin. Jarin ƙaramin kanti juyawa yake yi, idan ya kwanta a littafi kantin ne yake ramewa. Kuma a duk waɗanda Malam ya lissafa, mai kanti ne kaɗai zai iya aika masa yaro da daddare ya karɓo mudun gari ba tare da cike takarda ba. Wanda ya ɓata da shi ya toshe ƙofar da zai fi buƙata ranar da abu ya ƙwace.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cin bashin ba ya ɓata mana rai. Abin da yake ɓata rai shi ne mutum ya ga lissafinsa ya yi nauyi sai ya canza hanya, ya koma sayayya da kuɗi hannu a kantin gaba, kana zaune kana ganin yaransa suna wucewa da leda. Abin da ya fi shi ne ka zo da kanka, ba aike ba, mu buɗe littafin tare mu tabbatar da adadin. Ka ce a ja layi a ƙarƙashin tsohon bashi, za ka riƙa rage dubu takwas ko goma duk wata a rana kaza, sabuwar sayayya kuma da kuɗi hannu za ka yi a wurina. Ban san mai kantin da zai ƙi wannan ba, domin ya samu ciniki kuma ya san ranar da kuɗinsa zai dawo. Sai dai idan ka sa rana ka cika, ko da rabin abin da ka faɗa ne ka kawo ka yi bayani.

Ka kuma hana a karɓi kaya da sunanka sai da izininka ko na maiɗakinka. Ina da littattafan da idan maigida ya duba sai ya riƙe baki, saboda alewa da biskit da lemon da yara suke karɓa a ce Baba zai biya sun kai kuɗin rabin buhun masara a zango guda. Kai ma ka riƙe naka kwafin lissafin, hakan ya fi kare mutuncin kowa.

Ɗalibin Ilimi ya rubuta:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara abin da ya shafi addini, domin wani ɓangare na kuɗin da Baba Akanta ya ƙaddara na salla ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ƙayyade wa'adinsa ta sauka. Bashin abokinka, Malam, ba shi da wa'adi, kuma shi ya sa yake yi maka nauyi a zuciya. Ka same shi ku sa rana, ko ku raba shi kashi-kashi ku rubuta. Aya ta 280 a surar ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci, saboda haka neman a ɗaga maka ƙafa ba abin kunya ba ne matuƙar da gaske babu, amma ranar da aka samu ba a jinkirtawa.

Game da layya, a mazhabar Malikiyya da muke bi sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba zai buƙaci kuɗinta ba wajen larurorinsa na shekarar. Magidancin da ake bi kuɗin makaranta da na abinci, ga haya a gabansa, ba ya cikin waɗanda aka ɗora wa, kuma cin bashi mai ruwa don a ga rago a ƙofar gida haɗa laifi ne da wahala. Ɗinkin yara ma kala ɗaya ya wadatar a bana. Ka sani kuma cewa waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kaso takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, don haka idan akwai mai hali a danginka da yake fitarwa, sanar da shi halinka ba roƙo ba ne. Rancen manhaja kuwa riba ce ƙarara, fita daga cikinsa da gaggawa wajibi ne ko da lissafi bai nuna hakan ba, balle ga shi ya nuna.

Uban Biyar ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, na bi shawararki na zauna da maiɗakina. Ta ce ta daɗe da sanin akwai matsala, adadin ne kawai ba ta sani ba. Tana cikin wani adashi na matan unguwa kuma kwasarta ta 50,000 ce a ƙarshen wannan watan, ta ce in haɗa da kuɗin darasi in rufe na manhaja. Na ce sai dai a matsayin rance, domin kuɗin sana'arta ne, kuma mun rubuta kamar yadda Ɗalibin Ilimi ya yi nuni. Na je wurin mai kanti, mun ja layi a kan dubu takwas duk wata.

Saura abu biyu da nake so Baba Akanta ya duba mini. Ko na fara ware 30,000 daga yanzu, nan da wata biyar 150,000 kawai zan tara, haya kuwa 360,000 ce. Na biyu, abokan aikina suna da adashin 20,000 a wata na mutum goma, suna cewa in shiga a ba ni kwasar farko in biya haya. Shin in shiga?

Tsohon Akanta ya rubuta:

Madalla da wannan mataki, Allah Ya yi wa maiɗakinka albarka. Ka sa kuɗinta a jerin masu binka da ranar biya, kada ya zama bashin da ake mantawa da shi don na cikin gida ne. Ɗan Ƙwadago kuma ya yi gaskiya cewa sai an ƙara abin da yake shigowa, sai dai duk ƙarin da ya shigo gidan da ba a lissafi hanyar da na baya ya bi yake bi, don haka a haɗa biyun.

Shekarar farko ita ce mai wuya, saboda ka fara tara kuɗin haya a tsakiyar shekarar haya. Ka je wurin mai gidan tun yanzu, kada ka bari sai saura mako guda. Ka nemi ya karɓi 180,000 ranar da haya ta cika, ragowar kuma bayan wata shida. Masu gida da yawa sun fi son ɗan haya da suka sani ya biya kashi biyu a kan gida ya zauna babu kowa ana neman sabo. Don ka kai 180,000 a wata biyar kana buƙatar 36,000 a wata maimakon 30,000, kuma 13,500 da ka daina bai wa manhaja ta rufe wannan bambancin har da saura na mai kanti.

Adashi kuwa, wanda ya yi kwasar farko rance ya karɓa, sai dai babu ruwa a kansa, kuma zai ɗaure ka da 20,000 har wata tara bayan nan. A halin da kake ciki, ga cirewar ƙungiyar gama kai, ga mai kanti, ga makaranta, ba na ganin 149,000 za ta ɗauki wannan nauyin, kuma fashin zubi a tsakanin abokan aiki yana ɓata abin da ya fi kuɗin daraja. Ka riƙe shi a matsayin mafita ta biyu idan mai gida ya ƙi. Idan ya yarda, ka jira wata na tara, lokacin da 25,000 ta ƙungiya za ta dawo cikin albashinka. Kada gida ya saba da ita ko na wata ɗaya: ka tura ta ga maiɗakinka wata biyu, sannan ga abokinka wata huɗu. Bayan nan ne za ka shiga adashin, kuma ka nemi kwasar da za ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, lokacin da sabon hatsi ya cika Dawanau, ka sayi masara da wake na ci gwargwadon awon da kuka fitar, ba na ajiya don jiran tsada ba.